Ciwon Agara a Wajen Masu Gudu: A Huta Ne, Ko a Daure?

Gudu yana cikin hanyoyin motsa jiki mafi sauƙi da araha, shi ya sa kullum masu yin sa ƙaruwa suke yi. Akwai matasa masu shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda, akwai 'yan ƙwallo, akwai magidantan da likita ya ce su rage ƙiba ko su kula da hawan jini, ga kuma masu burin shiga gasar gudun famfalaki. Sai dai da yawansu ba sa yin nisa wani ciwo yake tare su a bayan ƙafa, sama da dunduniya kaɗan. Da zarar mutum ya yi kuka da shi, shawara sai ta yi masa yawa. Wannan ya ce ya kwanta wata guda, wancan ya ce ragwanci ne, ya daure jiki zai saba. Wani ya kawo man zafi, wani ya ce a yi allura, wani ya nuna masa gidan mai ɗori. Shawarwarin nan suna karo da juna, wasunsu ma ƙara ɓata lamarin suke yi. Don haka ya dace a zauna a warware batun daki-daki: mene ne ciwon, me ke kawo shi, a ina masana suka haɗu, a ina kuma suka rabu.

Mece ce agara?

Agara ita ce kakkaurar jijiyar nan da ake iya kamawa da yatsu biyu a bayan idon sawu. A littattafan likitanci ana kiranta jijiyar Akilis, sunan wani jarumi na tatsuniyoyin Girkawa. Ba jijiyar jini ba ce, ba kuma jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ba ce. Aikinta shi ne haɗa tsoka da ƙashi. Tsokoki biyu na sharaɓa ne suke haɗuwa su zama ita: ta sama wadda ake gani a fili, wadda ta faro daga bayan gwiwa, da ta ƙarƙashi mai faɗi wadda ta faro daga ƙashin ƙwauri. Daga nan ta sauko kimanin santimita 15 ta manne a ƙashin dunduniya.

Duk jikin ɗan Adam babu jijiya irinta da ta kai ta kauri da ƙarfi. An gina ta da wani sinadari mai suna kolajin, wanda yake jere zare-zare a gefen juna kamar igiyar guga da aka tufka da kyau. Idan mai gudu ya taka ƙasa, agara takan miƙe ta adana ƙarfi, sannan ta sake shi lokacin ɗaga ƙafa. A kowane taku tana ɗaukar abin da ya kai ninki 6 zuwa 8 na nauyin jiki. Ke nan mai nauyin kilo 70 yana ɗora mata fiye da kilo 400, kuma yana maimaita haka sau ɗaruruwa a kowace kilomita. Ba abin mamaki ba ne da wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan a 2005 ya nuna cewa kusan rabin tsofaffin zakarun gudun dogon zango sun taɓa fama da wannan ciwo a rayuwarsu.

Kumburi ne ko lalacewar zare?

Shekara da shekaru likitoci suna kiran ciwon da sunan tendinaitis, wato kumburin jijiya irin wanda ake samu idan wuri ya ji rauni ya yi ja ya ɗau zafi. Da wannan fahimta aka riƙa ba da hutu da ƙanƙara da magungunan kashe kumburi. Amma da aka riƙa duba naman agarar masu tsohon ciwo da madubin likita, sai aka ga wani abu dabam. Zaruruwan kolajin sun hargitse, ruwa ya taru a tsakaninsu, ƙananan jijiyoyin jini sun kutsa ciki, su kuwa ƙwayoyin kumburi ba su da yawa. A 1998 Nicola Maffulli da abokan aikinsa suka ba da shawarar a koma amfani da kalmar tendinofati, wadda ke nufin ciwo da raunin jijiya ba tare da an ɗora laifin a kan kumburi ba. A 2009 kuma Jill Cook da Craig Purdam na ƙasar Ostareliya suka bayyana cewa ciwon mataki-mataki ne: da farko agara takan kumbura don ta kare kanta daga aikin da ya fi ƙarfinta, idan aka ci gaba da matsa mata sai gyaran da take yi wa kanta ya rikice, daga ƙarshe wani sashe nata ya lalace.

Har yanzu akwai masana da suke ganin an yi saurin wanke kumburi daga laifi, domin sababbin na'urori suna gano alamunsa musamman a farkon ciwo. Duk da haka, ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda: kashe kumburi kaɗai ba ya mayar wa agara ƙarfinta.

Akwai kuma dalilin da ya sa ciwon yake da naci. A 2013 wasu masu bincike a Kofenhagen, babban birnin Denmak, suka yi amfani da wata dabara mai ban sha'awa. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi tsakanin 1955 da 1963 sun ƙara yawan wani nau'in sinadarin kabon a iska, kuma yakan shiga jikin mutum ta abinci. Da suka auna shi a agarar mutane, sai suka gano cewa tsakiyarta an gama gina ta ne tun mutum yana da shekara 17 ko kusa da haka, bayan nan ba ta sabuntawa sai kaɗan. Tsoka kan sabunta cikin makonni, agara kuwa sai a hankali. Wannan shi ya sa mai sabon gudu yake jin numfashinsa ya daidaita, cinyoyinsa sun yi ƙarfi, ya ƙara nisa, alhali agararsa ba ta kai wurin ba tukuna.

Yadda ake gane shi

Alamar farko ita ce sandarewa da sassafe. Mutum ya sauko daga gado ya nufi wajen alwala, sai ya ji bayan ƙafar ya riƙe, ya yi ta ɗingishi na 'yan mintuna kafin wurin ya saki. Idan ya fita gudu, zafin yakan taso a farko, ya lafa idan jiki ya ɗumama, sannan ya dawo da ƙarfi bayan an gama ko washegari. Wannan lafawa ta tsakiyar gudu ita ce take yaudarar mutane su ɗauka sun warke.

Ciwon iri biyu ne, kuma bambanta su yana da muhimmanci domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, wanda ya fi yawa, yana tsakiyar agara, santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya. Idan aka matsa wurin da yatsu biyu yakan yi zafi, sau da yawa kuma ana jin ya fi na ɗaya ƙafar kauri. Na biyu yana daidai inda agara ta manne da ƙashi. Shi wannan, bayan takalmi yakan dame shi, haka hawan tudu da tsugunno, domin duk lokacin da yatsun ƙafa suka tanƙwaro sama, ƙashin dunduniya yana danne jijiyar.

Ba kowane ciwon bayan ƙafa ne ciwon agara ba. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai kuka da dunduniya, galibi wurin da ƙashinsa ke girma ne ya gaji. Wanda ƙafafunsa biyu suke ciwo ba tare da ya yi wani gudu ba, ga kuma ciwon baya da sassafe, yana iya kasancewa da cutar gaɓoɓi. Wanda kuwa sharaɓarsa ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar tafiya a mota ko doguwar jinya, ya hanzarta zuwa asibiti, domin gudan jini ne ake tsoro, kuma tausa a irin wannan hali haɗari ce.

Abin da ke jawo shi

Babban dalili shi ne ɗora wa agara aikin da ba ta saba ba a cikin ɗan lokaci. Matashin da bai taɓa gudu ba, sai ya ji an buɗe ɗaukar sojoji, ya shiga yin kilomita 10 kullum. Wanda ya ajiye gudu tsawon azumi ko lokacin jinya, sai ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Mai gudu a shimfiɗaɗɗen wuri, sai ya koma hawan tudu, ko gudun tsere, ko gudu cikin yashi inda dunduniya ke nutsewa. Canza takalmi ma yana ciki: wanda ya saba da mai tudun dunduniya ya koma shafaffe kwatsam, ko ya koma taka ƙasa da gaban ƙafa, ya ƙara wa agara kaya.

Rashin tazara tsakanin ranakun aiki mai tsanani shi ma dalili ne. Bayan gudu mai nauyi, a cikin awa 24 zuwa 36 na farko kolajin da ke rushewa ya fi wanda ake ginawa, sai daga baya ginin yake rinjaye. Mai yin gudu mai tsanani kowace safiya yana rushe ne a kan rushewa.

Sai kuma abubuwan da suke daga jikin mutum: ƙaruwar shekaru, raunin tsokar sharaɓa, ƙiba, ciwon sukari, yawan kitse a jini, da tsohon ciwo a ƙafar. Game da shahararriyar ƙa'idar nan ta cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisa a mako, shawara ce mai amfani don taka wa zumuɗi birki, amma ba tabbas ba ce. An gwada ta a Holan a 2008 a kan sababbin masu gudu fiye da 500, kuma waɗanda suka bi ta da waɗanda ba su bi ba kusan daidai suka ji rauni, kimanin kashi 20 cikin 100 a kowane rukuni.

Maganin da ake sha ba a san illarsa ba

Akwai wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Siprofuloksasin, wanda aka fi sani da sipro, da 'yan uwansa irin su lebofuloksasin da ofuloksasin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, musamman da sunan maganin taifot. Wannan dangin magani yana iya raunana jijiyoyi, kuma agara ce ta fi shan wahalarsa. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a sa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsu saboda ciwo da tsinkewar jijiya, a 2018 kuma takwararta ta Turai ta nemi a taƙaita amfani da su. Illar tana iya bayyana cikin kwana 2 da fara sha, tana kuma iya zuwa bayan watanni da dainawa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da mai shan magungunan siteroyid, irin su firedinisolon da dekzametason. Duk wanda yake shan sipro ya ji agararsa ta fara ciwo, ya dakatar da gudu, ya koma wurin likita a ranar a duba ko za a canza masa magani.

A huta ko a ci gaba?

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. Masu cewa a huta suna da hujja: idan aka daina gudu zafin yakan lafa. Matsalar ita ce jijiyar da ba ta aiki ƙara rauni take yi, tsokar sharaɓa kuma ta zube. Sai mutum ya huta mako 6, ya dawo da ƙafar da ba ta kai ta da ƙarfi ba, ciwon ya dawo a makon farko. Masu cewa a daure su ma suna da tasu gaskiyar, domin agara da aiki take ƙarfi, amma daurewa ba tare da ma'auni ba ita ce take mayar da ciwon mako 2 ya zama na shekara.

Hanyar tsakiya ta fito ne daga Suwidin. A 2007 Karin Silbernagel da abokan aikinta suka raba masu ciwon 38 gida biyu. Duka an ba su atisayen ƙarfafa agara, amma an hana rukuni ɗaya gudu da tsalle na mako 6, ɗayan kuma aka bar su su ci gaba bisa sharaɗi. Sharaɗin shi ne mutum ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuma ciwon da ba a iya jurewa. An yarda zafin ya kai 5 lokacin gudu, amma dole ya lafa kafin washegari da safe, kuma kada ya riƙa ƙaruwa mako bayan mako. Sakamakon rukunonin biyu bai bambanta ba. Darasin shi ne alƙalin gudun yau ita ce safiyar gobe. Idan sandarewar safe ta fi ta jiya, an wuce gona da iri, sai a rage nisa, a bar tudu da tsere, a riƙa tsallake rana. Wanda tafiya kanta take sa shi ɗingishi, ya ajiye gudu tukuna ya koma keke ko iyo har ƙafar ta lafa.

Atisayen da ke gyara agara

Ginshiƙin magani a yau shi ne atisaye da nauyi, a hankali kuma a kai a kai. Håkan Alfredson, likitan ƙashi a garin Umeya na Suwidin, shi ya fito da tsarin da ya fi shahara a 1998. Mutum zai tsaya a bakin matakala da gaban tafin ƙafarsa, dunduniya a sarari. Ya ɗaga jikinsa da lafiyayyar ƙafa, sannan ya mayar da nauyinsa kan mai ciwon, ya sauke dunduniya sannu a hankali har ta wuce bakin matakalar. Zai yi sau 15 har zagaye 3 gwiwa a miƙe, ya sake yin haka gwiwa a ɗan tanƙware domin tsokar ƙarƙashi ta yi aiki, safe da yamma. Jimla 180 ke nan a rana, tsawon mako 12. Idan ya daina jin komai, sai ya goya jaka mai nauyi. Mutum 15 aka gwada a kansu, kuma dukansu suka koma gudu.

Sai dai binciken da ya biyo baya bai samu nasara ɗari bisa ɗari irin wannan ba, kuma mutane da yawa sukan gaji su bari. A 2015 masana a Denmak suka kwatanta tsarin da wani dabam a kan mutum 58: ɗaga dunduniya da nauyi mai yawa, daƙiƙa 3 hawa, daƙiƙa 3 sauka, sau 3 kacal a mako. Tsarin biyu duk sun yi aiki daidai, amma masu bin na biyun sun fi dagewa har ƙarshe. Abin da wannan ya nuna shi ne babu wani sirri a lamba 180. Muhimmin abu shi ne nauyin ya riƙa ƙaruwa, kuma a ɗore aƙalla wata 3.

Mai ciwon da ke manne da ƙashi kuwa, kada ya sauke dunduniya ƙasa da matakala. Ya yi atisayensa a daɓe, ya guji yawan miƙar da sharaɓa ta hanyar jingina da bango, domin hakan danne wurin ciwon yake yi. Ɗan tudu na kimanin santimita 1 a cikin takalmi, a ƙafa biyu, yana rage zafi a makonnin farko. Likitan gashin ƙashi shi ne wanda ya fi dacewa ya tsara wa mutum adadin da ya yi daidai da ƙarfinsa.

Ƙwaya, allura da maganin gida

Ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi na ɗan lokaci, amma ba sa gyara zare. Illarsu biyu ce ga mai gudu: suna ɓoye ma'aunin da yake dogaro da shi, sannan shan su a yi dogon gudu cikin zafin rana da ƙishirwa yana wahalar da ƙoda, ban da gyambon ciki. Allurar siteroyid tana kawo sauƙi na makonni, amma tana raunana jijiya, shi ya sa likitoci suke gudun yin ta a cikin agara. Akwai kuma allurar da ake tace jinin mutum a mayar masa a wurin ciwon, mai tsadar gaske. An gwada ta a Holan a 2010 a kan mutum 54, an sake gwadawa a Ingila a 2021 a kan mutum 240, kuma duka biyun ba ta fi allurar bogi ba. Na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti tana taimaka wa wasu idan aka haɗa ta da atisaye. Tiyata kuwa sai an yi aƙalla wata 6 ana atisaye yadda ya kamata ba a ga sauyi ba.

Man zafi da gashi da ruwan ɗumi suna sanyaya rai, kuma ba su da laifi in dai ba a ɗauke su a matsayin maganin ba. Amma murza agara da ƙarfi, ko tsaga wurin, ko yi masa sakiya, ba su da abin da za su gyara. Fatar wurin siririya ce, jini bai wadace ta ba, miki a nan yana wuyar warkewa, balle ga mai ciwon sukari.

Idan agara ta tsinke

Tsinkewa wani babi ne dabam. Takan zo farat ɗaya, lokacin zabura ko tsalle. Mutum ya ji ƙara, ya ji kamar an harbe shi da ƙafa ta baya, ya waiwaya bai ga kowa ba. Yana iya taka ƙafar ya yi tafiya, abin da ke sa a ɗauka targaɗe ne, amma ba zai iya ɗage a kan yatsun ƙafar ita kaɗai ba. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: ya kwanta rub da ciki, ƙafa a sake, a matsa sharaɓarsa. Idan agara tana nan tafin ƙafar zai motsa, idan ta tsinke ba zai motsa ba. Wannan aikin likitan ƙashi ne cikin kwana ɗaya ko biyu, ba na ɗori ba, domin idan aka yi jinkiri bakunan jijiyar sukan janye su yi nesa da juna.

Ko a nan akwai saɓani: a ɗinke ne ko a sa takalmin asibiti mai ɗage dunduniya ta haɗe da kanta? Wani babban bincike a Norwe a 2022, a kan mutum fiye da 500, ya nuna cewa bayan shekara guda aikin ƙafar kusan ɗaya ne. Sai dai sake tsinkewa ya kai kashi 6 cikin 100 ga waɗanda ba a yi wa tiyata ba, ga waɗanda aka yi wa kuwa bai kai kashi 1 ba, su kuma suna da nasu haɗarin na taɓa jijiyar saƙo. Ya kamata a sani cewa yawancin masu ciwon agara ba sa kaiwa ga tsinkewa, kuma da yawa daga waɗanda tasu ta tsinke ba su taɓa jin ciwo a wurin ba.

Abin da za a sa rai

Tarihin manyan 'yan tsere ya nuna fuska biyu na lamarin. Liu Xiang na ƙasar Sin, wanda ya ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 110 a Atina a 2004, ya janye a gasar Olamfik ta Beijin a 2008 saboda agara, sannan ta tsinke masa a shingen farko a Landan a 2012. Haile Gebrselassie na Habasha kuwa an yi masa tiyatar agara bayan ya ci zinare a mita 10,000 a Sidni a 2000, amma ya dawo har ya kafa tarihin duniya a gudun famfalaki a Balin a 2008, da awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59.

Ga talaka mai gudu, sabon ciwo da aka tara da wuri yakan lafa cikin makonni. Wanda ya daɗe yana buƙatar wata 3 zuwa 6, wani lokaci shekara. Wata bibiya da aka yi a Suwidin ta nuna cewa bayan shekara 5, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani da atisaye kaɗai sun warke sarai. Gushewar zafi ba ita ce dawowar ƙarfi ba. Kafin a koma cikakken gudu, mutum ya iya ɗage a kan ƙafar mai ciwo sau 20 ko fiye, daidai da ɗayar, ya kuma iya tsalle a kanta ba tare da ta tashe shi da ciwo washegari ba. Daga nan ya fara da haɗa tafiya da sassarfa a shimfiɗaɗɗen wuri, rana bayan rana, ya ƙara nisa kafin ya ƙara sauri, tudu da tsere su zo a ƙarshe.

Sannu ba ta hana zuwa. Agara ba ta warkewa a kan gado, ba ta kuma warkewa da taurin kai. Abin da take buƙata shi ne aiki gwargwadon ƙarfinta, a ƙara mata kaɗan-kaɗan, kuma atisayen sharaɓa ya zama abokin gudu ko bayan an warke, sau 2 a mako. Wanda ya yi mako 6 yana bin wannan hanya bai ga sauƙi ba, ko ciwon ya zo masa farat ɗaya, ko yana shan sipro, kada ya tsaya neman shawarar bakin fili, ya je likita ya duba ƙafar.